Wane ne "ni" a cikin waƙa?

A teburin mai shayin da nake zama a Agege, a Legas, wani saurayi mai gyaran waya ya karanta mana waƙar da ya rubuta. Magidanci ne ke kukan matarsa ta yi yaji, ta bar tukunya a kan murhu. Bai dire ba wani dattijo mai fataucin tumatir a Mile 12 ya ajiye kofi ya ce, "Ɗana, ka kai maganar gun waliyyinta mana." Yaron nan ko lefe bai taɓa haɗawa ba. Aka bushe da dariya, amma ni ban ga wautar Baba ba.

Da haka muka tashi. Marubucin waƙa yakan buɗe da sunan Allah, ya rufe da sunansa da na garinsu, wani har da ramzi, wato shekarar da ya yi waƙar a ɓoye cikin haruffa. Wanda ya sa hannu kamar a takardar gona, ai dole a zaci shaida ya bayar. Wani lokacin ma haka ɗin ne: marsiyyar da Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, hawayenta ne na gaske.

Sai dai sa hannu ba rantsuwa ba ne. Aliyu Namangi ya siffanta kwanciyar kabari da tsayuwar ƙiyama a waƙarsa ta Imfiraji, ba kuwa zuwa ya yi ya dawo ba. Ƙarshen Suratus Shu'ara ya ce mawaƙa kan faɗi abin da ba sa aikatawa, sannan ya keɓe muminai daga cikinsu. A nan masu tafsiri ke kawo labarin Nu'umanu ɗan Adiyyu, gwamnan Maisan ta ƙasar Iraƙi a zamanin Sayyidina Umar, da ya yi waƙa yana kirarin shan giya. Ya rantse bai taɓa kurɓa ba. Sayyidina Umar ya gaskata shi, bai yi masa haddi ba, amma ya tuɓe shi daga mulki.

A kan wannan hukunci na tsaya. Ba a kama mawaƙi da aikata abin da ya rera, amma bakinsa ne ya furta, shi zai ɗauka. Shi ya sa ba na saurarar masu zambo a Facebook, waɗanda za su zana maƙwabci tun daga wushiryarsa har layin shagonsa a Alaba Rago, in an taso su ce, "Waƙa ce fa, ƙirƙira ce." Ƙirƙirar da duk unguwa ta gane wanda ake nufi?

Shi kuwa saurayin namu, mata da murhu aro ne, kewar ce tasa. Salla biyu ke nan bai je gida ba, a shago yake kwana. Da Baba ya ji haka sai ya ce a maimaita masa baitin tukunyar. Ya saurara shiru, ya biya masa kuɗin shayi, ya ce in motar tumatir za ta koma Arewa ranar Laraba akwai wuri a gaba.