Ruwa ne ke cinye titunan Zariya, ba taya ba

A bakin layinmu akwai wani rami da na san shi tun yana ɗan tsagi, wanda ko yatsa ba ya shiga. Damina ɗaya ta mai da shi kamar kwarya. A ta biyu, ’yan acaba sun fara kauce masa suna hawa gefen masu tafiya a ƙasa. Yanzu yara ne ke zuba masa jar ƙasa da shebur, suna miƙa wa direbobi hannu. Kusa da shi lambatu ne, cike maƙil da ledar ruwa da yashi. Ni a ganina wannan lambatun shi ne mai laifi.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun wajen 1820 wani injiniya ɗan Sikotland, John McAdam, ya nuna cewa ƙasar da ke ƙarƙashi ita ke ɗaukar nauyin kaya, muddin ta zauna a bushe. Shi ya sa ya riƙa shimfiɗa fasasshiyar tsakuwa, yana ɗaga tsakiyar hanya kamar doron kunkuru don ruwa ya gangara gefe. Baƙin da ake malalawa a sama ya zo ne daga baya, a matsayin rufi. Sunansa ma, kwalta, aro ne daga sunan Turanci na baƙin man da ake tatsowa daga kwal, ko da yake na yanzu daga ɗanyen mai ake samunsa.

To, rufi idan ya tsage me ake jira? Zariya na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Ruwan ya bi tsagi ya jiƙa jar ƙasar da aka daɓe, ta yi laushi, tirela ta taka, kwalta ta nutse. Nauyi ma ba wasa ba ne: gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna idan nauyin da ke kan aksul ɗin mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan 16. Duk wanda ya tsaya a Kwangila da yamma ya ga manyan motocin da ke nufar Kano da Funtuwa ya san abin da titunanmu ke sha.

Abin da ke damuna shi ne mun fi son bikin yanke ƙyalle a kan gyara. Akwai hukumar FERMA, da aka kafa a 2002 don kula da hanyoyin tarayya, akwai KADRA, hukumar hanyoyi ta jihar Kaduna, ga injiniyoyi a Jami’ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ilimi bai yi ƙaranci ba. Kasafi ne ya kamata ya ware kuɗin toshe tsagi da yashe lambatu duk watan Afrilu, kafin ruwan farko, maimakon a jira titi ya mutu a sake ba da kwangilar biliyoyi.

Mu ma da namu. Mai haƙa titi ya binne bututun ruwa ya tafi bai yi faci ba, bakaniken da ke zubar da baƙin mai da gas a kan kwalta alhali suna narkar da ita, da mai shagon da ya cike lambatu da ƙasa don mota ta samu wurin tsayawa, duk hannunsu na cikin ramin nan. Asabar mai zuwa mun yi shawara da masu shagunan layinmu za mu fito da shebur da baro, mu fara da lambatun.