A waiwayi tsofaffin faya-fayan Kaduna

Na karanta wani labari kan yadda kamfanonin Turai ke tattara tsofaffin faya-fayan kiɗan fank da sol (salon kiɗa ne da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka) na shekarun 1970 suna sake fitar da su, kuma ya sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, wanda kamfanin Strut na Landan ya fitar a 2001, ya ƙunshi waƙar "Ikon Allah" ta marigayi Bala Miller, wanda ƙungiyarsa ta yi tashe a nan Kaduna, amma yawancin irin wannan aiki Legas da Gabas ya fi karkata, sai ka ce Arewa ba ta taɓa riƙe jita ba.

Mahaifina ya bar mana akwatin katako cike da faya-fayan garmaho a Tudun Wada. Zafin kwanon rufi ya lanƙwasa wasu, gara kuma ta cinye bangwayen da ke ɗauke da sunayen makaɗan, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, domin yanzu muna jin busar ƙaho mai ratsa jiki ba tare da sanin mai ita ba.

Ina roƙon masu wannan aiki su leƙa ɗakunan ajiyar gidajen rediyon Kaduna, su kuma nemo iyalan mawaƙan su biya su haƙƙinsu.