Hular Tesla da kwanonin jeren uwargida

A unguwarmu ta Zango an san ni da gyaran rediyo da fanka, amma tun da ƙanena ya nuna mini bidiyon injin nan na Nikola Tesla mai feshin walƙiya, fankokin mutane suka fara shan ƙura a shago. Tesla ya ƙirƙiro abin a 1891, a 1899 kuma ya tafi Kolorado ta Amurka ya gina wani ƙato wanda tartsatsinsa ke kai mitoci. Na ce ai Damagaram ma ba a bar ta a baya ba.

Gangar jikin ba ta ba ni wuya ba. Tiyon ruwa na roba na samu, na naɗe shi da siririyar wayar tagulla ɗaruruwan zagaye har idanuna suka yi jawur. A gindinsa na kewaya waya mai kauri 'yan zagaye kaɗan. Sai tiransifoman tsohuwar tele, da kwalaben lemo cike da ruwan gishiri masu tara wuta, da ƙusoshi biyu masu fuskantar juna. Na ba shi kuran, ƙusoshi suka kama tas-tas-tas, amma a saman tiyo ɗan tartsatsin bai cika santimita guda ba.

Saura hula. Masu wannan harka kan ɗora wa tiyon wani ƙarfe mai santsi a ka, mai siffar gammo. Dalili kuwa, wuta mayyar tsini ce. In ta samu baki mai kaifi sai ta yi ta zurarewa kaɗan-kaɗan, ba ta taruwa. Iska kuma ba ta ba ta hanya sai ƙarfinta ya kai wajen volt 30,000 a kowane santimita. Hula mai faɗi da sulɓi ita ke riƙe wutar har ta cika ta batse, sannan ta ɓalle gaba ɗaya.

Murfin tukunya na fara gwadawa. Bakinsa ya yi ta tsaki yana fitar da wani haske shuɗi-shuɗi da wari mai hawa ka, shi ke nan. Sai ƙanena, wanda kabu-kabu yake yi, ya kawo shawarar da na yaba: tiyub ɗin babur, a hura shi, a naɗe da takardar alminiyom. Siffa dai ta fito daidai. Muka kunna, tartsatsi ya bi wata 'yar tattara a jikin takardar ya huda robar, tiyub ya saki wata doguwar ƙara mara ladabi daidai lokacin da mai unguwa ke wucewa ta ƙofar gida. Ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce. Har yau in mun gaisa sai ya tambaye ni ya cikin.

Ranar da uwargida ta tafi biki Birni na shiga ɗakinta neman ashana, idona ya faɗa kan kwanonin silba biyu a saman jere, manya, masu sheƙi, waɗanda tun aurenmu ko ƙuda bai ci abinci a cikinsu ba. Aro na yi, aro kuma ba sata ba ne. Na kifa ɗaya a kan ɗaya, na rufe bakinsu da salatif na alminiyom, na ɗora.

Shiru. Ƙanena ya ce, "Yaya, ka kashe shi." Bai mutu ba. Babbar hula tana rage saurin bugun wuta a naɗin siririyar waya, dole sai an ƙara zagaye a naɗin waya mai kauri na gindi su daidaita. Na cire kuran na ce ya matsar da maƙalin waya, shi kuma don gaggawa bai jira na sauke wutar kwalabe ba. Kwalaben nan suna riƙe wuta ko an kashe inji, kuma gwiwar hannunsa ta tabbatar da hakan da salati mai ƙarfi. Muka manna allura a saman kwano don tartsatsi ya san ƙofar fita.

Bayan isha'i muka sake kunnawa. Jama'a, abin ya yi! Tartsatsi tsawon yatsa yana rawa a kan allura, wani kuma yana ɓallewa ta gefen kwano. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana cewa, "Malam, me kake toyawa ne rediyona ya koma shuuu ana tsakiyar labarai?" Na ce ya yi haƙuri, kimiyya ce. Na miƙa wa ƙanena doguwar fitilar neyon, ya matso da ita kusa, ta kama a hannunsa ba waya ba komai.

A nan aka yi sallama. Uwargida ce, da Hajiya mahaifiyarta a bayanta. Hajiya ta ga yaro tsaye cikin duhu riƙe da fitila mai ci ba waya, ta ja da baya tana a'uziyya. Ni kuwa suruka ce, ba dama in gifta ta gabanta in kashe inji, sai na durƙusa ina "Barka da dare, Hajiya, an zo lafiya?", inji na ta tas-tas a bayana. Uwargida ko kallon fitilar ba ta yi ba.

"Malam," in ji ta a hankali, "waɗancan ba kwanonina ba ne?"

Da aka haska su da tocila, gefensu duk ɗigo-ɗigon baƙi, allura ta bar tabo a gindin na sama. Hajiya ce ta saye su da kuɗin adashinta, kuma a tsaye ta yanke hukunci. Ranar Alhamis na tafi kasuwar Dole na sayo sababbi. Ina shafa gindin kowane kwano ina duba santsinsa, mai kaya ya gaji ya ce, "Alhaji, tuwo za a zuba ko aski za a yi?"

Na so a bar mini tsofaffin tunda na biya. Hajiya ta ce sam, ta ƙulle su a zane ta kai wa malaminta ya yi musu tofi, shi kuma ya ce aikin zai ɗauki lokaci. Jiya ƙanena ya gan su a zauren malamin, almajirai na shan koko a ciki.