Ba wayar kebul ko rauta ba ce ta hana ka shiga folda bayan ɗaga Windows

Da yawa idan suka ɗaga kwamfuta zuwa Windows 11 24H2 suka ga folda ta ofis da ake shiga daga wata kwamfutar ta ƙi buɗuwa, sai su canja wayar kebul ko su zargi rauta. Galibi ba nan matsalar take ba. A bugun Pro na 24H2, Microsoft ta rufe shigar baƙo marar kalmar sirri, ta kuma wajabta sa hannun SMB (tsarin da Windows ke raba folda da shi) a kan bayanan da ke wucewa. Baƙo ba shi da mabuɗin sa hannu, shi ya sa Windows ke ƙin haɗa ka da tsohuwar na'urar ajiya ko kwamfutar da foldar take.

Bai wa Everyone (wato kowa da kowa) izini a kan foldar ba zai gyara wannan ba. A kwamfutar da foldar take, buɗe asusu mai kalmar sirri. Ba shi izini a shafin Sharing da shafin Security na foldar duka biyu, domin mafi tsanani a cikinsu shi ke aiki. Nan ne mutane ke yawan tuntuɓe. A ɗaya kwamfutar, goge tsohon suna a Credential Manager (inda Windows ke ajiye sunaye da kalmomin sirri), ka shigar da sabon. Duba kuma ko hanyar sadarwar ta koma Public, ka mayar da ita Private.

Kada ka kunna SMB1, tsohon bugun SMB, don neman sauƙi. Ta nan muguwar manhajar WannaCry ta bi ta shiga kwamfutoci a 2017.