Kashi 30 ɗin da hukumar jami'o'i ta NUC ta bar wa jami'o'inmu na Katsina

Jami'o'i da yawa a nan Amurka suna da shirin zaƙaƙuran ɗalibai da suke kira onas. Ba shi ne Hons ɗin da ake rubutawa a takardar digiri a gida ba, shi wannan tsarin karatu ne mai zaman kansa, Kwalejin Swarthmore ta soma nata tun 1922.

Digiri a nan galibi kiredit 120 ne, wato abin da muke kira yunit a gida, kuma ba a ƙara wa ɗan onas shekara. Kiredit 20 zuwa 30 daga ciki ne yakan ɗauka a ƙananan azuzuwa na mutum 15 zuwa 20, ya riƙe maki kamar 3.3 zuwa 3.5 bisa 4.0, ya kammala da kundin bincike. Abin da ya fi burge ni shi ne ajin da malamai biyu daga sassa daban-daban ke koyarwa tare a kan tambaya guda. A gida kwasa-kwasan GST, na gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, su ne kusan kaɗai ke haɗa ɗan kimiyya da ɗan tarihi, su ma a zaure cike maƙil, inda ba mai samun damar buɗe baki.

Manhajar CCMAS ta 2022, wato tsarin darussan da NUC ta fitar wa jami'o'in Najeriya, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Ni a ganina Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da ta Tarayya a Dutsin-Ma, da Al-Qalam, ƙofa ce ta buɗe musu. A ware kwas mai yunit 3 a shekara ta uku, malamai biyu, ɗalibai 20, a kan madatsar ruwan Zobe: ɗan labarin ƙasa ya auna yashin da ke cike ta, ɗan tattalin arziki ya lissafa ribar noman rani, ɗan tarihi ya bi sawun rabon filaye, rahotonsu guda.

Inda abin ke lalacewa, ko a nan, jadawali ne. In ajin ya ci karo da kwas na dole, ajin haɗin gwiwar ɗalibi zai ajiye, don haka tsangayoyi su keɓe awa biyu a mako da ba wanda zai taɓa. Sai lissafin aikin malamai: in ba a rubuta wa kowannensu cikakken yunit ba, kafin mako na biyar ɗaya ya daina zuwa. Maki kuma su biyun su bayar tare, bisa ma'aunin da aka raba wa ɗalibai ranar farko.