Ni, 'yar mage da Hajiya

'Yar magen nan da uwarta ta tsere ta bar mana a bayan tankin ruwa, likitan dabbobi ya duba bakinta ya ce ta kai sati 4, tunda haƙora sun fara tsirowa. Ya hana a ba ta madarar shanu, wai zawo take sa su. Sai dai a sayo abincin mage mai laushi na cikin leda, a dama da ruwan ɗumi ya yi ruwa-ruwa, a zuba a faranti marar zurfi. Kuɗin ledar kuwa kada ma ku tambaya.

Na dama na ajiye. Ta zo ta shiga farantin da ƙafa huɗu ta yi zamanta. Na ciro ta, ta koma. Na dangwalo da yatsa na shafa mata a baki, ta yi atishawa ta fesa min a gemu. Sai uwargida daga kicin ta ce, "Ai ba ta taɓa ganin ana ci ba, nuna mata mana." Yanzu kuma uwargidan cewa take wai wasa take yi.

Na tattare jallabiya, na durƙusa gwiwa biyu, na dafa ƙasa, na kai fuska dab da faranti, ina zaro harshe ina lasar iska, lokaci-lokaci in ɗan saki "miyau" don ta saki jiki. Ina cikin haka na ga takalma a gabana. Na ɗago kai a hankali. Hajiya ce, surukata, da ƙawarta ta Islamiyya. Harshena a waje, ƙarnin kifi ya cika tsakar gida, gemuna sharkaf. Tunda dai a durƙushe nake, sai kawai na ce, "Hajiya, ina wuni?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Lafiya lau, ɗan nan. Ƙarasa abincinka, a gaisa daga baya."

Ƙawar kam ba ta iya daurewa ba, sai da ta dafa bango.

Wanda ya buɗe musu ƙofa kun san shi. Ƙanin uwargida, wanda in ya ari babur ɗina sai ya dawo da shi tanki fayau, ya ce ai haka ya same shi. Yana zaune a zaure yana kallona tun farko. Gyaran murya ɗaya ya isa, amma ina! Da na tsare shi sai cewa ya yi, "Yaya, ai na ga kana aiki ne." Kuma cajar da ke hannunsa a lokacin tawa ce, tun kafin azumi nake nemanta. Ya ce tasa ce, wai duk fari ne.

Magen dai ta ci da daddare, ita kaɗai, ba wanda ya nuna mata komai. Jiya Hajiya ta aiko da dambun nama, ta ce a raba mana ni da ita.