'Yata ta san Annie Jiagge, ba ta san Aloma ba

Ranar Talata 'yata ta dawo daga makaranta a nan Madina, gefen Accra, da aikin gida kan tarihin Annie Jiagge, shahararriyar alƙaliya 'yar Ghana. Muna zaune a tsakar gidan haya, irin wanda iyali shida ke ɗiban ruwa a famfo ɗaya, kowa da murhun gawayinsa a bakin ƙofa. Maƙwabciyata, 'yar Ashanti, tana dakan fufu, ƙanwarta na juya shi a turmi da jiƙaƙƙen hannu. Sai ta ɗago kai, cikin Hausar Zango da ta koya a kasuwa, ta ce: "Hajiya, ku can arewacin Najeriya ai mace ba ta zama alƙali, sai kulle." Ba da mugunta ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya mini a wuya, daren nan ko tuwo ban iya ci ba.

Annie Jiagge ta cancanci a koyar da ita, wannan ba na musu. An haife ta a Lome a 1918, ta yi karatu a Achimota, ta koyar a Keta kafin ta tafi Landan, inda ta zama lauya a 1950. A 1961 ta hau kujerar Babbar Kotu, a 1969 Kotun Ɗaukaka Ƙara, har ta shugabance ta a 1980. Tana cikin waɗanda suka tsara sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1967 kan kawar da wariyar da ake nuna wa mata. Ta rasu a 1996, ga shi har yau yara masu yunifom ruwan ƙasa suna haddace sunanta.

Sai da na zauna a ƙasar nan na gane abin da ya sa irin wannan gwagwarmaya ta yi musu zafi. A al'adar Akan, ƙabilar da Ashanti ke cikinta, gado ta wajen uwa yake bi. Mutum zai mutu, danginsa na uwa, misali ɗan 'yar'uwarsa, su gaje gida da gonar koko, matar da suka yi shekara talatin suna noma tare ta fita da 'ya'yanta da 'yan tukwanenta. Sai a 1985 aka yi dokar da ta ba mata da 'ya'ya haƙƙi idan miji ya mutu bai bar wasiyya ba.

To mu fa? Tumunin takaba muka sani tun muna makarantar allo, ba mu jira lauya ta je Landan ba. Kuma wa ya ce matanmu ba sa zama alƙalai? Aloma Mariam Mukhtar, 'yar Kano, ita ce lauya mace ta farko daga Arewa, ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012. Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, kujera irin ta Jiagge. Hauwa Ibrahim tana cikin lauyoyin da suka tsaya wa Amina Lawal, matar da aka yanke wa hukuncin jifa a jihar Katsina, har aka sallame ta a 2003. Duk wannan na jera wa maƙwabciyar washegari a bakin famfo, muryata har rawa take.

Na sani, abin da ke cikin littafi ba kullum yake isa hannun mai haƙƙi ba. Gwaggota ta shekara bakwai tana jiran a raba gadon mijinta, ƙannensa na cewa ta yi haƙuri, kuma ba ta taɓa zuwa kotu ba don kar a ce ta tona asirin dangi. Matan Ghana kuwa ba sa jin nauyin zuwa ofishin 'yan sanda mai kula da rikicin cikin gida. Duk da haka ban yarda sun fi mu ba. Sun fi mu dai faɗa wa 'ya'yansu sunayen nasu.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba maganar maƙwabciyar ba ce. Ina cikin lissafo sunayen nan sai 'yata ta ja mini gefen zani ta ce, "Umma, wace ce Aloma? 'Yar Ghana ce?" Shekararta goma sha ɗaya, sau ɗaya ta taɓa ganin Kano, tana goye. Twi, yaren Ashanti, ya fi zama a bakinta, ga waakye, shinkafa da waken nan ƙasar, take so da safe, ba ta san sunan ma daga wakenmu ya fito ba. Jiya na sa babanta ya tambayo mana kuɗin mota zuwa Legas, daga can mu hau ta Kano. Hutun ƙarshen shekara a gidan kakarta za ta yi shi, in Allah ya yarda.